Jirgin Katakon Maigidana

Ni ban yi boko ba, karatun allo ma ban yi nisa ba. 'Yata ta fari ce ke riƙe da biro, ita ma kanta ya fara furfura. Na ce mata in na yi kuka ta ajiye ta jira ni, don har yau ba na iya ambaton mutumin nan idona a bushe.

Maigidana, Allah ya jiƙansa, kafinta ne. A New Bell aka haife shi, a unguwar Hausawa, kamar yadda aka haife ni. Kakanninmu ne suka zo Duwala da fatauci, suka iske ruwa ya tare hanya, suka zauna. Da ƙuruciyarsa akwatunan kaya yake bugawa a tashar jiragen ruwa. A can wani ma'aikacin jirgi ya nuna masa hoton abin wasan ƙasarsu: wata doguwar gada ta katako mai hawa da gangara, da keke a kanta cike da mutane sun wage baki. Hoton nan ya hana shi sukuni. Ya shiga tsintar ragowar azobe a wurin masu yankan katako, jan itacen nan mai nauyi da ruwa ba ya cinsa da wuri, har ya tara abin da ya ishe shi.

A bakin ruwa, can inda kogi ke buɗewa ya zama teku, akwai wani tsohon filin wasa tun zamanin Turawa. Akwai lilo, da dawakan katako masu juyawa, da mai ɗaukar hoto, da masu tsire, da mata masu gasa kifi. A nan ya kafa nasa. Ba shi da inji. Akwati ne mai ƙafafun ƙarfe, yara su shiga, maza su ja shi da igiya zuwa ƙololuwa, a sake shi. Ya gangaro, ya hau tudu, ya sake gangarowa, ya hau na biyu, ya yi kwana ya dawo. Yaran gari suna ce masa tiren Hausa, wato jirgin ƙasan Hausawa, mu a gida jirgi muke cewa. Da shi muka ci, da shi muka aurar da 'ya'ya.

A duk shekarun nan sau ƙalilan na je wurin, shi ma daga nesa na tsaya. Ni matar aure ce, wurin kuma akwai kiɗa da giya. Amma na san jirgin nan ta bakin mai shi, domin maigidana ba ya iya cin tuwo bai ba da labarinsa ba. Kuma ya raɗa wa katakan sunayen danginsa. Dogon ginshiƙin da ya fi kowanne tsawo, inda ake sakin akwati, shi ne Baba, wato mahaifinsa. Wani mai rami a gefe shi ne Kawu mai ido ɗaya. Wata lanƙwasasshiya ita ce Gwaggo mai doro. Akwai wasu biyu da suke gogar juna suna ƙara, su ne Baffa babba da Baffa ƙarami, waɗanda suka haɗa shago a babbar kasuwa suka ƙare rayuwarsu suna faɗa a cikinsa. Yadda suka zauna a duniya haka ya jera su.

"Yau Gwaggo ta kusa zamewa," zai ce yana wanke hannu. "Ai kin san a kan Kawu take jingine, tun da mijinta ya rasu gidansa ta koma. In Kawu ya yi sanyi, ita ce ke fara nunawa."

"To ka gaishe ta," in ce.

"Ta ce miyarki ba gishiri."

Haka muke. Wani lokaci ina jinsa, wani lokaci hankalina na kan tukunya.

Sai shekarun matsi suka zo, waɗanda a nan ake ce wa kiris, lokacin da aka yanke wa ma'aikata albashi, aka sallami wasu, gari ya riƙa wayewa shaguna a rufe ba mota a titi. Uban da bai samu na abinci ba ba ya kai yaro wasa. Mai dawakan katako ya tattara ya koma ƙauyensu, lilo ya yi tsatsa. Maigidana bai fasa zuwa ba, ko da yaro ɗaya bai zo ba sai ya shafa wa ƙafafun akwatin mai. A farkon damina ƙirjinsa ya kama. Bai daɗe a kwance ba. Da safe ya ce in buɗe taga yana son iska, kafin in juyo ya tafi. Ban samu na ce masa komai ba, ina fama da sakatar taga da ta kumbura.

Ina cikin takaba ƙanensa ya zo. Ɗan kasuwa ne, yadi yake sayarwa, ya je Makka tun ana samun kuɗi. Tun ina amarya muke tsokanar juna da shi, amma ranar bai shigo ba, ya tsaya a bayan labule.

"Yaya," ya ce, "an ba wani mutum filin bakin ruwa. Zai gyara shi, zai zuba siminti, zai kawo injuna na ƙarfe daga Turai. Ya ce a kwashe jirgin, in ba haka ba katafila ta ture shi."

"To a kwashe."

"Shi ne na ce, matan da ke busar da kifi suna neman itace. Azobe kuwa yana daɗewa a wuta. Kin ga an huta, kowa ya samu ɗan abin da zai rage zafi."

"Alhaji, Baba za ka sa a wuta?"

"Yaya, Baba yana maƙabarta, ni na sa shi a rami. Wannan itace ne."

"In itace ne, ka kawo mini shi nan in ga itace."

"A ina za ki ajiye shi? A kan gado?"

"In ya kama."

Ya yi tsaki, ya ce tun ran da aka kawo ni gidan nan ya san an kawo musu rigima. Na ce ai shi ya riƙe fitila a ranar, da ya kashe ta. Ya yi dariya, dariyar ta juye masa kuka a bayan labulen, ni ma ina nawa a ciki. Da ya tafi na san ya yarda.

Akwai wani tsoho ɗan ƙabilar Basa da ya ja wa maigidana igiya tun ran da aka kafa jirgin. Hausarsa ta fi ta wasu 'ya'yanmu, sai dai yana haɗa ta da Turancin kasuwa. Shi ya tsaya a kan kwancewar. Ya yi dabara, ya sa alli ya yi wa kowace mahaɗa alama, wannan da wannan, wancan da wancan. Aka loda a kan pus-pus, keken tura kaya, aka kamo hanyar New Bell. Wanda ya san Duwala ya san sauran. Ruwa ya same su a hanya, irin wanda ba ka ganin na gabanka. Da suka iso na leƙa ta taga na ga katakai jajur, wankakku tas, ba ɗigon alli ko ɗaya. Tsohon ya zauna a kan tulin cikin ruwa ya dafe kai.

"Mami, na kashe shi," yake cewa. "Ni ja na iya. Hannun mai shi ne ya san inda kowa ke zama."

Tulin ya cinye tsakar gida, ya fita har lungu. Unguwarmu kuwa in aka yi ruwa kwata kan cika ta shigo ɗakuna, kowa na neman abin da zai shimfiɗa ya taka. Maƙwabta suka riƙa aikowa aron katako. Na hana. An yi ta maganata, an ce takaba ta taɓa mini kai. Sau ɗaya na bayar, ran da za a fitar da gawar wata tsohuwa ta lungunmu, kuma na sa aka dawo mini da shi kafin la'asar.

Mai takaba ba ta da wurin zuwa, ga rana doguwa. Na fara zama a gindin tulin ina shafa katakan. Wata rana yatsana ya faɗa cikin wani rami a gefen wani gungume. Na tsaya. Na ce, "Kawu, kai ne?" Na yi kuka har 'yata ta fito da gudu. Daga ranar na sa aka riƙa juya mini su ɗaya bayan ɗaya. Na gane Gwaggo da doronta. Na gane Baffanni biyu da inda suka goge juna har ya yi santsi. Na gane Inna, wato mahaifiyarsa, wadda ya ce ta taɓa ƙonewa a gefe lokacin da mai tsire ya matso da wutarsa. Duk abin da na ɗauka ya shiga ta kunnen nan ya fita ta wancan, ashe yana nan.

Da na fita takaba ruwa ya fara ɗaukewa. Na yi wanka, na ɗaura zane, na ce wa Alhaji ya raka ni bakin ruwa.

Ban gane wurin ba. An share komai, an zuba siminti fari fat, an kafa ƙofa mai fenti da fitilu. Amma a tsakiyar simintin ba komai sai wasu kujeru. Sabon mai filin, wanda ma'aikatansa ke ce wa Patron, mutum ne mai matsakaicin shekaru da ya yi zama a Faransa. Ya ba ni kujera, ya yi mini ta'aziyya da ladabi. Ya ce shi ma yana yaro ya hau tiren Hausa, har ya yi amai a rigar Kirsimetinsa.

"Amma Mama, se fini," ya ce. "Zamanin katako ya wuce."

"Ina na ƙarfen?" na tambaye shi.

Ya kalli simintinsa. Bankin da ya ajiye kuɗinsa ya rufe ƙofa, injunan suna tashar jiragen ruwa ba a fito da su ba. Ya riga ya sanar wa gari zai buɗe a bikin sabuwar shekara.

"Ɗana," na ce, "kana da fili ba abin hawa, ina da abin hawa ba fili."

Ya ce gaban filin na injunansa ne, ko yaushe suka fito. Sai dai akwai wata kusurwa a baya, wajen laka, inda ruwan teku ke cikowa ya janye. Wani mai sayar da giya ya riga ya nema. In jirgin ya tsaya da ƙafarsa ya yi gudu lafiya kafin bikin, kusurwar tawa ce. In bai tsaya ba, ta mai giya ce, kuma kada in sake zuwa masa da maganar.

A hanyar komawa Alhaji ya ce, "Yaya, kin yi alkawarin abin da ba wanda ya san yadda ake haɗa shi."

"Ni na sani."

"Ke da ko guduma ba ki taɓa riƙewa ba?"

"Kai za ka riƙe. Shagon naka ai ƙuda ma ya daina shiga."

Muka mayar da katakan. Tsohon Basa ya kawo abokinsa mai sassaƙa kwalekwale, mutum marar yawan magana. Ni aka kifa mini wani tsohon kwalekwale na zauna a kai da lema. Matan da ke gasa kifi suna kallona, ɗaya ta ce ga sabon injiniya ya zo da mayafi. Na ce mata ta kula da kifinta yana ƙonewa.

Na fara kira. A ɗauko Kawu, a tsayar da shi idonsa na kallon ruwa, don maigidana ya ce da idon nan yake gadin teku. A jingina masa Gwaggo. Inna tana bayan Baba, gefenta da ya ƙone yana waje. Ana ɗagawa, ramukan ƙusoshi suna haɗuwa, tsohon yana ihu yana tafa hannu. Baffanni ne na juya, na sa babba a wurin ƙarami. Sun shiga lafiya, amma tsohon ya hau ya girgiza su ya ce a'a.

"Mami, sun yi shiru. Waɗannan ba su taɓa yin shiru ba."

Aka sauya su. Yana taka su suka yi ƙara, ƙiiƙ, kamar ana rufe tsohuwar ƙofa. Alhaji ya ce wallahi har muryar ta babban ce.

Bayan kwanaki sunayen da na sani suka ƙare, tulin kuma bai yi rabi ba. Katakai ne miƙaƙƙu, lafiyayyu, ba rami ba doro, ban taɓa jin labarin ko ɗaya ba. Na tambayi tsohon ko su ba su da suna.

"Suna da shi mana. Amma me zai ce a kansu? Ba su taɓa ba shi wahala ba." Ya goge zufa ya ƙara da cewa, "Ke ma, Mami, duk zamanmu da shi bai taɓa kawo mini maganarki ba. Na san dai abincin da ke zuwa a kwano."

Na juya baya na rufe fuska da mayafi. Ban san ko daɗi na ji ko zafi ba, har yau ban sani ba. Suka bar ni na gama. Mai kwalekwale ne ya ce miƙaƙƙen katako ba ya zaɓen wuri, a gwada tsawo da ramuka, wanda ya shiga ya zauna. Haka aka yi, a hankali, ana sawa ana cirewa. Wani sai an gwada shi wuri biyar. Rana na dukanmu, ruwa na cikowa ya kore mu, ya janye mu koma. Ƙafafuna suka kumbura. 'Ya'yana suka ce in zauna a gida, na ce in na zauna a gida mai giya ne zai zauna a can.

Baba muka bari ƙarshe, aka tallafe wurinsa da gora. Ran da aka zo tayar da shi, mai kwalekwale ya ƙwanƙwasa gindinsa da ƙotar gatari, ya saurara, ya soka wuƙa. Wuƙar ta shige kamar a cikin dafaffen rogo. Daga waje lafiya lau, ciki ya ruɓe, wajen kamu biyu. Shekarun da ya yi a cikin jiƙaƙƙiyar ƙasa ne.

Ya ce hanya biyu ce. Ko a nemo sabon ginshiƙi mai wannan tsawon, wanda ba mu da halinsa kuma biki ya matso, ko a yanke ruɓaɓɓen. In an yanke, ƙololuwa za ta sauko, jirgin ba zai ƙara kai tsawonsa na da ba.

"A sa shi haka," in ji Alhaji. "A ɗaure shi da ƙarfe. Ya tsaya shekara da shekaru."

"'Ya'yan mutane za su hau," na ce.

"Ba za a sa wa Baba zarto ina tsaye ba."

"Kai da ka ce a kai shi wurin masu kifi?"

"Wannan daban!" Ya juya mana baya, babban mutum da gemu, kafaɗunsa suna rawa.

Na sauko daga kan kwalekwalen. Zarton irin na mutum biyu ne, mai hannu a kowane gefe. Na ce wa tsohon ya kama can, na kama nan. Na yi bisimilla. Azobe ba ya yankuwa da sauƙi, ni kuma hannuna bai saba da komai ba sai muciya da taɓarya. Na ja, ya ja, jan gari yana zubo mini a kan zane. Ina ja ina kuka, ban ɓoye ba. Maigidana ya ɗauko ginshiƙin nan a kafaɗa yana saurayi, ya yi alfahari da tsawonsa duk rayuwarsa, ga ni ina rage shi. Amma na san da yana nan da kansa zai yanke. Ban yi nisa ba numfashina ya ɗauke. Sai na ji hannu a kan nawa. Alhaji ne.

"Matsa, Yaya. Kina yanka shi a karkace."

Aka tayar da Baba a kan dutse, ba a cikin laka ba. Aka sauko da hanyar akwatin daidai da sabon tsawonsa. Muka cika buhuna da jiƙaƙƙen yashi muka sa a akwatin maimakon yara. Aka ja, aka saki. Ya gangaro, ya hau tudun farko, ya zo na biyu ya tsaya a tsakiya kamar mai tunani, sannan ya dawo da baya. Tudu na biyu a kan Gwaggo yake, ya yi wa sabon gudun tsawo. Na ce a sauko da ita ma. Wannan ya ci mana kwanaki, don in ka taɓa Gwaggo sai ka taɓa Kawu. Muka sake gwadawa, ya wuce da ƙyar. Muka rage kaɗan, muka sake, muka sake, har ya riƙa wucewa ba gardama ya dawo inda ya tashi.

Ana jibi biki Patron ya zo, mai giya na biye da shi, har ya kawo igiyar awo. Patron ya zaga jirgin, ya girgiza ginshiƙai, ya tsaya a gindin Baba ya ɗaga kai.

"Ya fi haka tsawo a da," ya ce.

"Ya fi. Gindinsa ya ruɓe, na yanke."

Ya dube ni, ya dubi yankan. Ya ce yashi ba ya jin tsoro, ba ya kuma kai ƙara, yana son ya ga mutum a ciki. Mai giya ya yi dariya ya ce a sa tsohuwar. Kafin in buɗe baki Alhaji ya tattare babbar rigarsa ya shiga akwatin, gwiwoyinsa har haɓa.

"In na mutu, Yaya, ke ce."

"Riƙe hularka."

Bai riƙe ba. A gangaren farko ta tashi ta faɗa cikin laka, shi kuwa salati yake da ƙarfi har masu kwalekwale a kan ruwa suka juyo. Baffanni suka yi ƙararsu, ya haye tudu na biyu, ya yi kwana, ya dawo ya tsaya a gabanmu. Ya fito yana dafe da gefen akwatin, ya ce ba komai ba ne, abin yara ne.

Patron ya yi dariya har ya riƙe ciki. Ya ce wa mai giya ya naɗe igiyarsa, za a nema masa wuri wajen ƙofa. Sannan ya juyo gare ni.

"Mama, kusurwar taki ce. Amma wa zai tsaya a kai? Mai shi ba ya nan."

"Ga ni," na ce.

Na gaya wa tsohon Basa ya zo da sassafe da man shafa wa ƙafafun akwatin, ya kuma nemo sabuwar igiya, don tsohuwar ta fara sakin zare. Ranar biki tun kafin mu gama shafa man yara sun yi layi har kan simintin Patron, wasu iyayensu na riƙe da hannunsu suna nuna musu inda su ma suka taɓa zama. Na gyara lemata a kan kwalekwalen, na ce a ja.